Tarihin Fanny Durack, gwanar ninkaya

Fanny Durack 'yar ƙasar Ostireliya ita ce mace ta farko da ta ci lambar zinare ta ninkaya a wasannin Olamfik.

An haife ta a birnin Sydney ranar 27 ga watan Oktoban 1889.

A shekarar 1912 ne aka fara shigar da mata gasar ninkaya ta Olamfik, a birnin Stockholm na Suwidin. To amma ƙungiyar mata masu ninkaya ta jiharsu, New South Wales, ta hana ta zuwa, saboda dokarta ta haramta wa mata yin gasa a gaban maza.

Sai da jama'a suka yi wa ƙungiyar ca, kafin ta janye, bisa sharaɗin ita da abokiyar karawarta Mina Wylie su nemi kuɗin tafiya da kansu.

Fanny ta lashe tseren mita 100 cikin minti ɗaya da daƙiƙa 22.2, Mina ta zo ta biyu.

Rashin lafiya ya hana ta zuwa wasannin 1920, daga bisani ta koma koya wa yara ninkaya.

Ta rasu a Sydney ranar 20 ga watan Maris na 1956, tana da shekaru 66.