Muhammad al-Katsinawi, Bakatsinen da ya koyar da lissafin hatimi a Alƙahira

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure a unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, ko a Maraɗi da Damagaram, ya san hatimi, zanen nan mai gida-gida da ake cikawa da lambobi a kan allo ko takardar laya. Wannan zanen dai a yau yana cikin atisayen da ake bai wa ɗalibai masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar haɗa shi ɗan ƙasar Hausa ne, wanda ya rasu tun shekarar 1741.

Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ko da yake littattafan Larabci sun fi rubuta al-Kishnawi. Ya taso ne a Katsina, garin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, tun tana hannun sarakunan Haɓe waɗanda jikokinsu suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, a Chadi ta yanzu. A wajajen 1730 ya kama hanyar Makka domin sauke farali, tafiyar da bai dawo daga ita ba.

A can gabas ya yi rubuce-rubucen da suka fito da sunansa. A wajajen 1732 ya rubuta Bahjat al-Afaq a kan ilimin haruffa da hatimi, sannan ya kammala al-Durr al-Manzum a Alƙahira, wanda ya shafi taurari da ɗalasimai. Ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi.

Hatimi mafi ƙanƙanta yana da gida tara. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa kuma 8, 1, 6. Ko a tsaye aka haɗa, ko a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Wannan yaro ma zai iya haddace shi. To amma mai gida 25, wanda kowane layinsa dole ya ba da 65, ko mai gida 81 da ke neman 369, hadda ba ta kai mutum ko'ina, lalube kuma sai ya cinye yini guda. A nan al-Katsinawi ya shimfiɗa hanya ga duk hatimin da yawan layukansa mara ne, wato 3, 5, 7 da sauransu. Ana ajiye lambar farko, sai a riƙa yin tafiyar doki irin ta wasan shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya a gefe. In takun ya faɗa wajen zane, sai a shigo ta ɗaya ɓangaren kamar an naɗe takardar. In an tarar da gidan a cike, akwai takun da aka tanada domin kaucewa. Umarni ne daki-daki, mai sharaɗi da maimaici, wanda ko mutum bai fahimci dalilinsa ba, muddin ya bi shi zai kai ga amsa. Irin wannan tsari ne masu manhaja ke kira algoritim, kalmar da ita kanta ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, masanin lissafi na Bagadaza.

Sai dai bai kamata a yi masa rawanin da ba nasa ba. Ba shi ya ƙirƙiro hatimi ba, domin ƴan China da Indiya da Larabawa sun san shi ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi, kuma jakadan Faransa Simon de la Loubère ya wallafa wata hanya makamanciyar wannan a 1691, bayan dawowarsa daga ƙasar Siyam. Haka kuma shi malamin bai raba lissafi da asiri ba. A ilimin zamaninsa kowane hatimi da tauraronsa: mai layi uku na Zuhal ne, mai bakwai na Zara matar wata, mai tara kuma na watan kansa. Wannan cuɗanya ce ta sa har yau wasu malamai ke ƙyamar fannin baki ɗaya, ƴan boko kuma suna wuce shi ba tare da sun leƙa lissafin da ke ciki ba.

A Alƙahira ya sauka gidan Hasan al-Jabarti, babban malami masanin taurari, wanda duk da matsayinsa ya zauna ya ɗauki ilimin hatimi a wurin baƙon nasa. A wannan gida Allah ya yi masa rasuwa a 1741, daidai da 1154 bayan hijira, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abd al-Rahman al-Jabarti, marubucin tarihin nan da ya ba da labarin shigar Napoleon ƙasar Masar a 1798, ba a ma haife shi ba a lokacin, amma shi ne ya adana tarihin Bakatsinen a cikin littafinsa Aja'ib al-Athar.

Masu karatu da Turanci kuwa, akasarinsu sai a 1973 suka ji sunansa, lokacin da wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hanyar tasa a littafinta Africa Counts.