Herbert Simon

Herbert Alexander Simon (15 ga Yuni, 1916 zuwa 9 ga Fabrairu, 2001) masani ne ɗan ƙasar Amurka da ya yi fice a nazarin yadda ɗan Adam yake yanke shawara. Ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 1978.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin. Mahaifinsa injiniyan lantarki ne da ya zo daga Jamus. Ya yi karatu a Jami'ar Chicago, inda ya kammala digirin digirgir a kimiyyar siyasa a 1943. Daga 1949 har ƙarshen rayuwarsa yana koyarwa a jami'ar da ake kira Carnegie Mellon a yau.

Ra'ayinsa

Masana tattalin arziki na lokacin sun ɗauka cewa mutum yakan auna duk zaɓin da ke gabansa, sannan ya ɗauki mafi riba. Simon ya musanta haka tun a littafinsa Administrative Behavior na 1947. A ganinsa hankali yana da iyaka: labari ba ya zuwa wa mutum a cike, lokaci kaɗan ne, ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya riƙe komai. Don haka mutum yakan tsaya ne a kan zaɓin farko da ya gamsar da shi. Manomin da ya kai gero kasuwar Ringim ba zai zagaya Gujungu da Dawanau don jin farashi ba. Idan aka yi masa tayin da ya kai abin da ya sa a ransa, sai ya sallama, ko da gobe kuɗin buhu zai hau. Simon ya nuna cewa haka ma'aikatu da kamfanoni suke yi, kuma ba ya ɗaukar wannan a matsayin wauta.

Wannan ra'ayi ya share fage ga binciken Daniel Kahneman da Amos Tversky kan kurakuran tunani.

Kwamfuta

A 1956 shi da Allen Newell da Cliff Shaw suka fito da manhajar Logic Theorist mai warware hujjojin lissafi, ɗaya daga cikin na farko a fagen ƙirƙirarriyar basira. An ba shi lambar Turing tare da Newell a 1975.

Mutuwa

Ya rasu a Pittsburgh yana da shekara 84. Ya bar matarsa Dorothea da 'ya'ya uku.