Dokta Barau Dikko, Likitan Farko Daga Arewacin Nijeriya

A farkon mulkin Turawa, samun maganin asibiti a Arewacin Nijeriya ya danganta ne ga matsayin mutum da kuma inda yake zaune. An fara gina asibitoci domin Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati, kuma a manyan garuruwa suke. Talakan ƙauye kuwa, idan ciwo ya kama shi, sai ya nufi wanzami ko mai maganin gargajiya. Bambancin ya shafi har likitocin kansu, domin a shekarar 1902 an kafa hukumar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, aka kuma keɓe ta ga Turawa kaɗai. A cikin wannan hali aka haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau, a shekarar 1912.

Dikko ya fara karatu a makarantar mishan da Likita Mila ya kafa a Zariya, wadda daga baya ta koma Wusasa. Daga nan ya wuce makarantar King's College da ke Legas, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya koyi aikin likita. Da ya dawo gida, ya kama aikin gwamnati a shekarar 1940 a matsayin ƙaramin likita. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Marasa lafiya sun sami wanda zai saurari kukansu da Hausa ba tare da tafinta ba.

Sannu a hankali ya yi ta samun ƙarin girma. A shekarar 1953 ya zama babban likita, a 1957 kuma aka ba shi babban matsayi a sashen yaƙi da cututtukan da suka zauna daram a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Irin waɗannan cututtuka, kamar kuturta da ciwon barci, sun fi addabar manoma da makiyaya da masunta, wato mutanen da suka fi kowa nisa da asibiti. Ba a iya yaƙarsu daga cikin ofis. Dole ne ma'aikata su bi ƙauyuka, su duba jama'a, su raba magani.

Dikko bai tsaya ga aikin asibiti kaɗai ba. A shekarar 1948 yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma shi aka zaɓa shugabanta na farko. Daga cikin abokan tafiyarsa akwai Malam Aminu Kano da Abubakar Imam, marubucin nan haifaffen Kagara ta Jihar Neja ta yanzu. Manufarsu ita ce yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Dikko Kirista ne, yawancin 'yan ƙungiyar kuwa Musulmi, amma hakan bai hana su ba shi jagoranci ba. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai ya janye, saboda doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa.

A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na ma'adinai da wutar lantarki daga 1967, sannan na sufuri daga 1971. Ya rasu a shekarar 1977. Wani asibiti a Kaduna, wanda da can aka gina domin Turawa da manyan ma'aikata, yau sunansa yake ɗauke da shi, kuma a nan ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna suke koyon aikin likita.

Har yanzu da sauran aiki. Mai juna biyu da ke wani ƙauye a Mariga ko Rijau takan yi doguwar tafiya kafin ta isa babban asibitin Kontagora, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani. Ɗalibin da yake sha'awar aikin likita ko jinya zai iya koyi da Dikko, ya tuna da mutanen karkara idan ya ƙare karatunsa.

Tambayoyi

1. Su wane ne suka fi amfana da asibitocin farko a Arewa?
2. Me ya sa Dikko ya janye daga Jam'iyyar Mutanen Arewa?
3. Kawo abubuwa biyu da suke hana mutanen garinku zuwa asibiti.