Kafin ku gama musu kan 007, kun san wanda ya haife shi?

Duk lokacin da ɗaya daga cikin jaruman da suka fito a matsayin James Bond ya mutu, sai tsohon musu ya dawo sabo fil. Haka aka yi a 2017 da Roger Moore ya mutu, haka kuma aka sake yi ranar 31 ga Oktoban 2020 da labarin mutuwar Sean Connery ya ɓulla, yana da shekara 90. Nan da nan jama'a suka koma kan tsofaffin finafinan, ana yanko guntayen bidiyo ana ɗorawa a Facebook. Wani ya ce ai daga Connery an rufe ƙofa, wani ya ce Moore ya fi iya raha, 'yan bana-bakwai kuma su ce su dai a bar su da Daniel Craig.

A duk wannan cacar baki, da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya zauna ya ƙago 007 daga kansa. Sunansa Ian Fleming. Ya mutu tun 1964, kuma biyu kacal ya samu gani daga cikin finafinai 25 da kamfanin Eon ya yi. In kun san rayuwarsa, kallon da za ku yi wa finafinan zai canza.

Ɗan gata da ya yi ta faɗuwa

An haifi Fleming ranar 28 ga Mayun 1908 a unguwar Mayfair, unguwar masu da shi a Landan. Kakansa Robert Fleming ɗan Sikotland ne da ya kafa banki da sunansa. Mahaifinsa Valentine ɗan majalisar dokoki ne, aka kashe shi a fagen daga a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, saura kwana takwas Ian ya cika shekara tara. Winston Churchill da kansa ya rubuta ta'aziyyarsa a jaridar The Times.

Yaro ya tashi tsakanin inuwa biyu: uban da kowa ke kira gwarzo, da yayansa Peter wanda komai ya taɓa sai ya yi fice. Peter ya haskaka a makaranta, ya yi tafiye-tafiye, ya zama sanannen marubuci tun yana matashi. Shi kuwa Ian, a makarantar Eton guje-guje da tsalle-tsalle ne kawai suka karɓe shi, har sau biyu yana zama zakaran wasanni, amma bai kai ƙarshen karatun ba aka cire shi. Aka kai shi makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, ya fito a 1927 babu ko anini ɗaya a kafaɗa. Mahaifiyarsa ta tura shi Ostiriya, daga nan Munich da Geneva, ya koyo Jamusanci da Faransanci. Ya dawo ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar harkokin waje, makinsa bai kai a ɗauke shi ba.

Sai da uwar ta sa baki sannan ya samu aiki a kamfanin dillancin labarai na Reuters a 1931. A nan ne ya fara gano abin da ya iya. A 1933 aka tura shi Mosko ya ɗauko labarin shari'ar wasu injiniyoyi shida 'yan Birtaniya da Tarayyar Sobiyet ta zarga da leƙen asiri. Har neman hira ya yi da Stalin. Bai samu ba, amma ya samu takardar ban haƙuri mai ɗauke da sa hannun Stalin ɗin. A Reuters ya koyi rubutu da sauri, gajerun jimloli, babu kwana-kwana. Sai dai albashin bai ishi irin rayuwar da yake so ba, ya koma banki da dillancin hannun jari, inda nan ma bai taɓuka abin kirki ba. Ya haura shekara 30 ana yi masa kallon ƙanen Peter mai son mata da caca.

Yaƙi daga kan tebur

A watan Mayun 1939, ana gab da fara Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban sashen leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya, Admiral John Godfrey, ya ɗauke shi a matsayin na hannun damansa. Ofishinsu ɗaki mai lamba 39 ne a hedikwatar sojan ruwa, lambar sirrin Fleming kuma 17F. Ya kai muƙamin kwamanda, muƙamin da daga baya ya ba Bond. Da yawa na ganin Godfrey ne ya zama M, ogan 007 mai ɗaure fuska.

Aikinsa shi ne ƙirƙiro dabaru, kuma wasu dabarun kamar a fim. A 1940 ya kawo shawarar a ɗauki wani jirgin yaƙin Jamus da aka kama, a zuba masa sojojin Birtaniya masu jin Jamusanci sanye da kakin Jamus, su faɗa da shi cikin teku da gangan. Idan jirgin ruwan ceto na Jamusawa ya zo, sai su murƙushe mutanen ciki su ƙwace takardun na'urar Enigma, wadda Jamus ke ɓoye saƙonninta da ita. An shirya, amma ba a aiwatar ba. A 1942 ya kafa wata runduna ta musamman, 30 Assault Unit, wadda aikinta shi ne shiga gaba-gaba tana kwaso takardun sirrin abokan gaba kafin a ƙone su.

To ga inda gizo ke saƙar: shi kansa bai shiga irin wannan aika-aikar ba. Lokacin farmakin Dieppe a watan Agustan 1942, daga cikin jirgin ruwa ya tsaya yana hange, saboda ya san sirrika da yawa, ba a yarda ya faɗa hannun Jamusawa ba. Shi ke tsarawa, wasu su je su yi, wasu ma ba su dawo ba. Wanda zai rubuta labarin ɗan leƙen asirin da ya fi kowa shiga haɗari, yaƙinsa a kan tebur ya yi shi, da biro da wayar tarho.

Gidan bakin teku

A lokacin yaƙin ne wani taro ya kai shi Jamaika, tsibirin ya shiga ransa. Da aka gama yaƙi ya sayi fili a Oracabessa ya gina gida, ya sa masa suna Goldeneye, sunan wani shirin sirri da ya tsara kan Sifaniya. Eh, daga nan fim ɗin Pierce Brosnan na 1995 ya samo sunansa. Ya karɓi aiki da kamfanin da ke buga jaridar Sunday Times bisa sharaɗin za a riƙa ba shi hutun wata uku duk shekara. Sanyi na shigowa Ingila sai ya tattara ya nufi Jamaika.

A can, ranar 17 ga Fabrairun 1952, yana da shekara 43, ya zauna gaban tafireta ya fara Casino Royale. Yakan yi raha cewa fargabar auren da ke gabansa ce ta sa shi rubutun, don a watan Maris na shekarar ya auri Ann, wadda suka daɗe suna soyayya tun tana gidan wani. Cikin kimanin wata ɗaya ya gama. Sunan jarumin kuwa, a bangon wani littafi kan tsuntsayen yankin Karebiyan ya gan shi. Marubucin littafin, wani masanin tsuntsaye Ba'amurke, shi ne James Bond na gaskiya. Fleming na neman suna ne mara armashi, wanda ba zai ja hankalin kowa ba.

Littafin ya fito a watan Afrilun 1953, bugun farko kwafi 4,728 ya ƙare cikin ƙasa da wata guda. Daga nan ya kafa tsari: duk shekara littafi ɗaya, kalmomi 2,000 a rana, ba ya waiwayar abin da ya rubuta jiya sai ya kai ƙarshe. Jimilla littattafan Bond 14 ya bari, biyu daga ciki bayan mutuwarsa suka fito.

Me ya sa Turawan Ingila suka rungumi Bond haka? Ku dubi lokacin. Har 1954 da kati ake sayen wasu kayan abinci a ƙasar. Indiya ta samu 'yanci a 1947. A 1951 wasu jami'an diflomasiyyarsu biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, suka tsere Mosko, ashe tuntuni Sobiyet suke yi wa aiki. A 1956 Birtaniya ta sha kunya a rikicin mashigin Suez, har Firaminista Anthony Eden ya je gidan Goldeneye jinya. Daula na zagwanyewa, Najeriya ta karɓi 'yanci a 1960, Jamaika a 1962. A daidai wannan lokacin Fleming ya miƙo musu Bature ɗaya tilo da ke cin mai kyau, ya sa mai kyau, ya ceci duniya, Amurkawa na taya shi. Mafarki ne ya sayar musu, kuma shi ma mafarkin yake yi.

Shi da Connery

Ga wani abu da za ku iya kayar da abokin musu da shi: ba Connery ne ya fara fitowa a Bond ba. A 1954 gidan talabijin na CBS ya yi Casino Royale, wani Ba'amurke Barry Nelson ya hau matsayin. Bai yi wani tasiri ba. Kasuwar ta buɗe ne sosai a 1961, lokacin da mujallar Life ta saka From Russia, with Love cikin littattafai goma da Shugaba John Kennedy ya fi so. A shekarar ce furodusoshi biyu, Albert Broccoli da Harry Saltzman, suka haɗa kai don yin finafinan.

Da suka zaɓi Connery, Fleming bai yi murna ba. Shi ɗan Eton ne, a ransa Bond ɗan manyan gida ne. Connery kuwa ɗan talakawa ne daga Edinburgh, ya yi rabon madara gida-gida, ya yi aikin goge akwatin gawa. Amma da Dr. No ya fito a watan Oktoban 1962, fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan ɗaya, jama'a suka yi caa a kansa, sai marubucin ya sauko. A littattafan da ya rubuta daga baya ya ba Bond asali daga Sikotland, ƙasar Connery, wadda ita ce kuma ƙasar kakansa.

Jiki ya kawo lissafi

Bond na shan taba da barasa kamar ba gobe, washegari ya tashi garau ya fatattaki bos. Fleming ma haka yake sha, har kara 70 na sigari a rana, ga barasa. Bambancin shi ne nasa jikin na jini da tsoka ne. A farkon littafin Thunderball, likita ya duba Bond ya ga shaye-shaye ya fara yi masa illa, aka tura shi gidan jinya ya fito da ƙarfinsa. Littafin ya fito a watan Maris na 1961. A watan Afrilu marubucin ya samu mummunan bugun zuciya.

Wannan littafin dai shi ya ja masa shari'a. Labarin ya samo asali ne daga wani shirin fim da suka yi aiki a kai tare da Kevin McClory da Jack Whittingham, shi kuma ya buga da sunansa shi kaɗai. A ƙarshen 1963 aka sasanta a kotu, McClory ya tafi da haƙƙin yin fim ɗin labarin. Wannan ne dalilin da ya sa a 1983 aka ga Bond biyu a kasuwa: Moore a Octopussy, Connery a Never Say Never Again.

A gida ma babu daɗi. Aurensa da Ann ya yi tsami, kuma abokanta 'yan boko na yi wa littattafansa dariya. Yana kwance yana jinya ne ya rubuta wa ɗansu ɗaya tilo, Caspar, labarin wata mota mai tashi sama, Chitty-Chitty-Bang-Bang. Bai ga fitowarsa ba. Ya mutu a Canterbury ranar 12 ga Agustan 1964 yana da shekara 56, ranar da Caspar ya cika shekara 12. Bayan wata ɗaya aka saki Goldfinger, fim ɗin da ya mayar da 007 abin da duniya ta sani yau.

Abin da za a ƙara cikin musun

Littattafan nasa ba su tsira daga suka ba, kuma sukar na da tushe. Yadda ya siffanta baƙar fata, musamman a Live and Let Die, da yadda ya ɗauki mata, tunanin Baturen zamanin mulkin mallaka ne tsagwaronsa. A 2023 masu haƙƙin littattafan suka sake buga su bayan sun cire wasu kalaman wariyar launin fata, wannan ma ya tayar da nasa musun: a gyara, ko a bar su yadda suke don a ga yadda mutanen lokacin ke tunani?

Don haka in kun koma kallon Dr. No, ku more kwat ɗin da kiɗan da faɗan, babu laifi. Amma ku tuna da mutumin da ya faɗi a Sandhurst, ya faɗi a jarrabawa, ya kasa a banki, sai yana da shekara 43 ya gano abin da ya iya, ya kuma samu shekara 12 kacal yana yin sa. Taba da kwalbar da ke yi wa Bond ado a allo, su suka rage masa kwana.

Yanzu sai ku faɗa mana: a cikin jarumai shidan nan, Connery, Lazenby, Moore, Dalton, Brosnan da Craig, wa kuke ganin ya fi kama da mutumin da Fleming ya so ya zama?