Robert Moog: Maƙerin Na'urar Haɗa Sauti (1934–2005)

An haifi Robert Arthur Moog a birnin New York na ƙasar Amurka ran 23 ga Mayu, 1934, ya kuwa tashi a unguwar Flushing. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin wutar lantarki na birnin, yana da ɗan ɗakin aiki a ƙarƙashin gida. Mahaifiyarsa ta sa shi koyon kiɗan fiyano tun yana ƙarami, amma hankalin yaron ya fi karkata ga ɗakin mahaifinsa, inda ya koyi liƙa waya da dalma da harhaɗa 'yan ƙananan rediyo.

Yana da kimanin shekara 14 ya ci karo da zanen wani abin kiɗa a cikin wata mujalla, watau taramin, wanda wani Barashe mai suna Leon Theremin ya ƙago wajen 1920. Shi wannan abin kiɗa ba a taɓa shi. Makaɗi yakan motsa hannuwansa kusa da ƙarafa biyu, ɗaya na kula da tashi da saukar amo, ɗaya na kula da ƙararsa. Moog ya bi zanen ya haɗa nasa. A 1953 shi da mahaifinsa suka fara ƙera taramin suna sayarwa daga gida.

Da wannan sana'a ya riƙa tallafa wa karatunsa. Ya karanta kimiyyar fiziks a Kwalejin Queens da injiniyan lantarki a Jami'ar Columbia, sa'an nan ya sami digirin dakta a Jami'ar Cornell a 1965. A 1961 ya fitar da wani taramin mai aiki da tiransisto wanda ake sayarwa a wargaje, mai saye ya haɗa da hannunsa. Ya sayar da kimanin 1,000, kowane kusan dala 50. Ke nan abokan cinikinsa na farko 'yan koyo ne masu ƙira a gida, kamar yadda shi ma ya fara.

A 1963 ya sadu da wani malamin kiɗa, Herbert Deutsch, a wurin wani taro. A lokacin akwai na'urar haɗa sauti ta RCA a New York, amma ta cika ɗaki guda, kuma sai an huda takarda an ba ta kafin ta yi kiɗa. Deutsch yana son wadda makaɗi zai iya mallaka ya kuma sarrafa nan take. A 1964 suka zauna a shagon Moog da ke ƙauyen Trumansburg, ɗaya na ƙira, ɗaya na saurare yana faɗin abin da kunnensa ke bukata.

Dabarar da suka bi ita ce rarraba aikin sauti kashi-kashi, kowane kashi da akwatinsa. Akwati na farko shi ke haifar da amo. Na biyu matata ce, tana rage kaifinsa, ta sa ya yi kama da na sarewa ko na goge. Na uku yana ƙara ƙara ko ya rage, na huɗu kuwa yana tsara yadda amon zai ɓullo, ya daɗe, ya dushe. Makaɗi ke haɗa akwatunan da wayoyi yadda ya ga dama. Abin da ke ba kowane akwati umarni shi ne ƙarfin lantarki: in aka ƙara bolt ɗaya, sai kaɗawar amon ta ninka. Saboda haka akwati ɗaya yana iya juya wani, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya farawa da biyu ko uku ya riƙa ƙarawa. A Oktoba 1964 Moog ya nuna na'urar a taron injiniyoyin sauti a New York, nan take aka fara oda. A wannan zamani Don Buchla ma yana ƙera tasa a California, sai dai ita ba ta da maɓallai irin na fiyano.

Sunan Moog ya gama duniya a 1968 sa'ad da Wendy Carlos ta fitar da faifan Switched-On Bach, wanda ya ci lambobin Grammy uku. Ƙungiyar Beatles ta yi amfani da na'urar a faifanta Abbey Road a 1969. A 1970 kamfaninsa ya fito da Minimoog, ƙarama wadda aka riga aka haɗa wayoyinta a ciki.

Duk da wannan ɗaukaka, Moog bai iya kasuwanci ba. Daga cikin sassan na'urar, matatar ce kawai ya yi wa rajistar mallaka, sauran kowa ya kwaikwaya. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya sayar da shi a 1971, ya zama ma'aikaci a cikinsa har ya bar shi a 1977. Sunansa kuwa ya tafi da kamfanin. A 1978 ya koma jihar North Carolina ya buɗe wani ƙaramin kamfani, Big Briar, ya sake komawa ƙera taramin. Bai sami ikon sa sunansa a kan kayan da ya ƙera ba sai a 2002.

Moog ya rasu a garin Asheville ran 21 ga Agusta, 2005, sakamakon ciwon daji a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 71. Har yanzu yawancin masu harhaɗa irin wannan na'ura a gida, akwati bayan akwati, da ma'aunin bolt ɗaya da ya tsayar suke aiki.