Eugen Sandow: Uban gasar gina jiki, wanda jikinsa ba zai ci ta ba a yau

A watan Oktoban 2024, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, Samson Dauda, haifaffen Najeriya mazaunin Birtaniya, ya lashe Mr. Olympia, gasa mafi girma ta masu gina jiki a duniya. Ya koma gida da Dala 600,000 da kuma wani ɗan mutum-mutumin tagulla na wani mai gashin baki, riƙe da sandar ƙarfe a hannu ɗaya. Mai wannan siffa shi ne Eugen Sandow, wanda ya rasu tun 1925. Abin lura shi ne, da a ce zai dawo yau da jikin nan da aka ƙera a tagulla, da ko zagayen farko na gasar ba zai tsallake ba, domin alƙalai za su ce ya yi ƙanƙanta. Tarihin rayuwarsa ne ke bayyana yadda aka faro sana'ar, da kuma inda ta sauya hanya.

Haihuwa da tasowarsa

An haife shi ranar 2 ga Afrilun 1867 a Königsberg, birnin da a lokacin yake cikin daular Prussia ta Jamusawa, wanda a yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Sunansa na yanka Friedrich Wilhelm Müller. Shi da kansa ya riƙa ba da labarin cewa ya tashi yaro marar ƙwari, har sai da mahaifinsa ya kai shi Italiya, ya ga mutum-mutumin da Girkawa da Rumawan dā suka sassaƙa, ya ƙudurta a ransa sai ya mallaki jiki irin nasu.

A 1885 ya bar ƙasarsu don kauce wa aikin soja na dole. Ya shiga ayarin masu wasannin nishaɗi da ke yawo gari-gari a Turai, yana kokawa, yana ɗaga kaya masu nauyi, yana kuma tsayawa gaban masu zane da masu sassaƙa su kwaikwayi surarsa a biya shi. A wannan yawo ne ya ɗauki sunan Eugen Sandow. Sa'arsa ta zo a Brussels, babban birnin Beljiyam, inda ya haɗu da wani majiyin ƙarfi, Ludwig Durlacher, wanda aka fi sani da Farfesa Attila. Shi ya koya masa tsarin ƙara nauyin ƙarfe sannu a hankali, da kuma yadda ake jan hankalin 'yan kallo.

Daren da Landan ta san sunansa

A 1889 wani ƙato mai suna Charles Sampson yana cin kasuwarsa a gidan wasa na Royal Aquarium da ke Landan, yana kiran kansa mafi ƙarfi a duniya. Ya sa Fam 100 ga duk wanda zai iya yin abin da yaronsa, Cyclops, yake yi, da Fam 500 ga wanda zai kamo shi kansa. Sandow, yana ɗan shekara 22, ya hau dandamalin cikin kwat irin ta masu kuɗi, mutane suna yi masa dariya don ba su ga alamar ƙarfi a tattare da shi ba. Da ya tuɓe sai dariyar ta tsaya. Ya ga bayan Cyclops a daren, bayan 'yan kwanaki kuma alƙalai suka ba shi nasara a kan Sampson, a gasar da ta haɗa da lanƙwasa ƙarfe da tsinka sarƙa. Sampson ya ƙi biyan kuɗin, amma Sandow ya samu abin da ya fi su: gidajen wasan Birtaniya suka shiga rububinsa.

Amurka da sauyin sana'a

A 1893 wani matashin mai shirya wasanni, Florenz Ziegfeld, ya ɗauke shi aiki a Chicago, lokacin da birnin ke karɓar baje kolin duniya. Ziegfeld ya lura cewa 'yan kallo sun fi damuwa da ganin jikin Sandow a kan nauyin da yake ɗagawa. Sai aka ƙara wani sashe a wasan, inda yake tsayawa a ƙarƙashin fitila yana murɗa damtse da ƙirji da gadon baya, gaɓa bayan gaɓa. Daga nan aka haifi abin da ake kira gina jiki a yau, wato gasar da ake auna sura maimakon nauyin da aka ɗaga. A 1894 kamfanin Thomas Edison ya ɗauki hotonsa mai motsi, ya zama cikin mutanen farko da aka nuna a fim.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba. A wannan shekarar aka tallata cewa zai yi kokawa da zaki a San Francisco. Aka kawo zakin da takunkumi a baki, an naɗe masa farata, ga shi ba ya da niyyar faɗa. 'Yan kallo suka yi ta ihu, jaridu suka yi masa ba'a. Sandow ɗan kasuwa ne ƙwarai, kuma ya iya zuzuta kansa. Masu bincike sun nuna cewa awon damtse da ƙirjin da yake bugawa a tallarsa ya zarce na gaskiya.

Ma'auninsa

Duk da haka yana da ma'aunin da bai sauka daga kai ba. Yakan shiga gidajen adana kayan tarihi da igiyar awo, ya auna wuya da damtse da ƙugu da ƙauri na mutum-mutumin Girkawa, sa'annan ya horar da jikinsa ya dace da su. A wurinsa kyawun jiki daidaito ne: kada wata gaɓa ta rinjayi 'yar uwarta, ƙugu ya tsuke, kafaɗa ta buɗe, kuma jikin ya iya aiki. Tsawonsa bai wuce kimanin santimita 175 ba, nauyinsa kuma tsakanin kilo 80 da 90.

Da ya koma Landan, ya buɗe makarantar motsa jiki a 1897, ya wallafa littafi kan ƙarfi da hanyar samunsa a wannan shekarar, ya kafa mujalla a 1898. Yana sayar da ƙananan ƙarafan ɗagawa da igiyoyin roba, yana aika darasi ta gidan waya ga akawu da ɗan kasuwa da matar aure. Koyarwarsa ba ta da wuya: motsa jiki na ɗan lokaci kullum, cin abinci daidai wa daida, wanka da ruwan sanyi, da isasshen barci.

Ranar 14 ga Satumban 1901 ya shirya babbar gasar gina jiki ta farko a zauren Royal Albert Hall na Landan, wanda ya cika maƙil har aka mayar da mutane. Alƙalai uku ne: shi kansa, da mai sassaƙa Sir Charles Lawes, da marubuci Arthur Conan Doyle, wanda likita ne. An duba daidaiton gaɓoɓi da lafiyar fata da ƙoshin lafiyar ɗan takara, ba girman tsoka kaɗai ba. William Murray ya zo na ɗaya, aka ba shi mutum-mutumin Sandow mai ruwan zinariya, na biyu ya samu na azurfa, na uku na tagulla.

Ɗaukaka da faɗuwa

Daga nan ya zaga Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu da Indiya yana wasa yana koyarwa. Ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1906. Ya horar da samarin da aka ƙi ɗauka soja saboda raunin jiki, kuma a 1911 Sarki George na Biyar ya naɗa shi malaminsa na motsa jiki.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karya shi. Ya zuba dukiya a kamfanin koko mai ɗauke da sunansa, sai ƙiyayyar Jamusawa ta mamaye Ingila, masu saye suka juya wa kayansa baya, kamfanin ya durƙushe. Ya rasu a gidansa da ke unguwar Kensington ranar 14 ga Oktoban 1925, yana da shekara 58. Jaridun lokacin sun danganta rasuwar da yunƙurin da aka ce ya yi na fitar da motarsa daga rami shi kaɗai bayan wani haɗari. Masu tarihi na baya sun fi karkata ga fashewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. Ya bar mata, Blanche, da 'ya'ya mata biyu. Bisa umarnin matar, wadda zamansu ya yi tsami, aka binne shi a maƙabartar Putney Vale ba tare da ko alama a kan kabarin ba. Haka ya zauna fiye da shekara 70, sai a 2002 aka kafa dutse mai sunansa.

Abin da ya biyo bayansa

Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1935, masana kimiyya a Turai suka gano yadda ake haɗa sinadarin testosteron, wanda ke gina tsokar namiji, a ɗakin bincike. A 1958 ƙwayar Dianabol ta shiga kasuwar Amurka, masu ɗaga ƙarfe suka rungume ta. Wannan ne ya sa jikin Sandow yake da daraja ta musamman a tarihi: babu mai zargin sa da shan irin waɗannan magunguna, tunda ba a ƙirƙire su ba a zamaninsa. Jikinsa shaida ce ta iyakar abin da atisaye da abinci kaɗai ke iya bayarwa.

Waɗanda suka gaje shi kai-tsaye, irin su Steve Reeves da ya ci gasar Mr. Universe a Landan a 1950, sun riƙe ma'auninsa na daidaito. Joe Weider ya kafa Mr. Olympia a New York a 1965, Larry Scott ya cinye ta. Arnold Schwarzenegger ya lashe ta sau bakwai, kuma bai ɓoye cewa ya sha magungunan ƙara tsoka ba a lokacin da doka ba ta hana su ba. Ke nan zamanin da ake yabo ma bai tsira daga ƙwaya ba. Bambancin yana ga yawanta da kuma abin da alƙalai ke nema. A 1977, shekarar da aka fara bayar da mutum-mutumin Sandow a gasar, Frank Zane ne ya karɓe shi, nauyinsa bai kai kilo 90 ba.

Daga shekarun 1990 aka koma neman girma zalla. Dorian Yates ya ci sau shida daga 1992, Ronnie Coleman ya ci sau takwas daga 1998 zuwa 2005, nauyinsa a wasu shekarun har ya kai kilo 130 ko fiye, haka ma Mamdouh Elssbiay na Masar da ya ci a 2020 da 2021. Tazarar da ke tsakaninsu da Sandow ta kai kilo 40 zuwa 50, kusan buhun siminti guda na tsoka. An gwada binciken ƙwaya a gasar 1990, daga baya aka watsar.

Jiki kuwa magayi ne. Mohammed Benaziza ya mutu a 1992 sa'o'i kaɗan bayan wata gasa a Holand, mutuwar da aka danganta da magungunan da ke tsotse ruwan jiki. Andreas Münzer ya mutu a 1996 yana da shekara 31, bayan hanta da ƙodarsa sun gaza. Shawn Rhoden, zakaran 2018, ya rasu a 2021 yana da shekara 46. Coleman ya sha tiyata iri-iri a baya da ƙugu, har tafiya ta gagare shi sai da sanda ko keken guragu. Ƙorafin 'yan kallo kan tumbin da ke fitowa zakaru ya sa a 2016 aka ƙara wani rukuni a gasar, wanda aka ƙayyade nauyin ɗan takara gwargwadon tsawonsa. Wato masu gasar da kansu sun waiwayi ma'aunin da aka bari a baya.

Daga Landan zuwa Illela

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda aka daɗe da sanin ƙarfi da masu shi. A Illela, garin kan iyakar Jihar Sakkwato da ke fuskantar Birnin Ƙonni, ɗan dako yakan saɓa buhun hatsi mai kilo 100 ya hau da shi kan mota, ba tare da ƙirjinsa ya cika riga ba. A ƙetaren iyakar, Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, lokacin da aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. A fagen dambe kuma, Ɗan Anace bai wasa Shago don girman damtse ba, sai don abin da damtsen ya yi. A kokawa da dambe duka, ba a cin gasa da tsayuwa. Sai an kai abokin karawa ƙasa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu kuwa, a Illela da sauran garuruwan Arewa, samari na ɗaga gwangwanayen siminti da tsofaffin ƙarafan mota a lunguna, kuma hotunan da suke kwaikwayo a waya na zakarun zamani ne. Motsa jikin alheri ne, musamman ga ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago, waɗanda hawan jini da ciwon suga ke yi wa barazana. Haɗarin yana ga saurayin da ya ɗauka cewa atisaye kaɗai ne ya samar da jikin da yake gani a hoto, ya yi shekara biyu bai kamo ƙafarsa ba, sai ya nufi mai sayar da ƙwaya ko allura ba tare da takardar likita ba. Likitoci sun tabbatar cewa shan waɗannan magunguna barkatai yana kumbura zuciya, yana lalata hanta, yana hawar da jini, yana kuma rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa.

Sandow ya kai inda ya kai ne da ƙarfe da abinci da barci da haƙurin shekaru. Uban da ya ga ɗansa ya fara ɗaga ƙarfe ba ya buƙatar hana shi. Abin da ya kamata shi ne ya nuna masa hoton mutumin da aka yi kofin da siffarsa, ya gaya masa nauyinsa, sa'annan ya tambaye shi abin da yake sha.