Grace Hopper, matar da ta sauƙaƙa wa manhaja ƙaura

Wanda duk ya taɓa sake waya a Kasuwar Dole ya san ciwon nan: ka kwashe komai zuwa sabuwa, sai wata manhaja ta ƙi tashi, don abin da take jingina da shi ya tsaya a tsohuwar. Kamar a kai amarya da tukunya a manta murhu. Yau mun ɗauko tarihin matar da ta sha fama da wannan matsala tun kwamfuta tana cika ɗaki guda.

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka a 1906. Ta samu digirin dakta a lissafi a jami'ar Yale a 1934, ta yi koyarwa, sannan ta shiga sojan ruwa a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sa ta aiki da kwamfutar Mark I.

A zamanin nan kowace na'ura da yarenta. In ma'aikata ta sayi sabuwar kwamfuta, aikin shekaru ya tashi a banza, sai a sake rubutawa daga farko. A 1952 Grace ta haɗa wani tsari mai suna A-0. Ƙananan guntayen umarni da manhaja ke buƙata an tara su wuri ɗaya, kowanne da lambarsa; ka kira lamba, na'ura ta ɗauko ta haɗa da kanta. Daga baya ta jagoranci FLOW-MATIC, mai amfani da kalmomin Turanci. A kansa ne kwamitin masana ya dogara sosai a 1959 wajen tsara yaren COBOL, ita kuma tana ba su shawara.

A Disamban 1960 aka gwada: manhaja ɗaya ta yi aiki a kwamfutar RCA, aka kai ta ta UNIVAC, ta yi aiki. Kamfani daban, na'ura daban.

Ta yi ritaya, amma a 1967 sojan ruwa suka sake kiranta don ta daidaita COBOL a na'urorinsu, kada kowa ya ja nasa gefe. Sai 1986 ta aje kaki tana da shekara 79, da muƙamin admiral. Ta rasu ran 1 ga Janairu 1992.

Har gobe akwai bankunan duniya da ke aiki da COBOL, an sha sake musu na'ura, manhajar na nan. Ɗan uwa mai aiko da kuɗi gida, ta yiwu ta nan suke ratsawa kafin su iso Zinder.